Fitar baya ga yaro ɗan shekara biyu: basir ne, kuma sai an yanke?

Tambaya: Likita, ɗana shekararsa biyu da wata biyar. Kusan wata biyu ke nan in ya tsuguna bayan gida sai wani jan nama ya leƙo ta duburarsa. Da farko da kansa yake komawa, amma a makon nan sau biyu sai da na tura shi da hannuna. Yakan yi kwana uku bai yi kashi ba, in ya zo yi kuma sai ya ɓuya a lungu yana kuka yana sandare ƙafafu. Wani lokacin sai in ga ruwa-ruwan kashi a wandonsa kamar mai gudawa. An ce mini basir ne, sai an yanke. Hankalina ya tashi matuƙa.

Amsa: Sannu Maman yaro, Allah Ya ba shi lafiya. Bari in fara da abin da ya hana ki barci. Yadda kika kwatanta shi, wannan ya fi kama da fitar baya, kuma ga yaro mai shekarun ɗanki da wuya a kai ga wuƙa. Basir irin na manya, wato jijiyoyin jini da ke kumbura a bakin dubura, ba kasafai yake kama ɗan shekara biyu ba. Mutane ne dai duk abin da ya leƙo ta wurin sai su kira shi basir. Don haka kada ki bari kowa ya yanka, ko ya ƙona, ko ya ɗaure wannan naman. Hanjin yaron ne da kansa, lafiyayye, ya zamo daga mazauninsa. Wanda ya yanke shi hanji ya yanka.

Abin da ke faruwa a ciki ba shi da wuyar fahimta. Ƙarshen babban hanji, inda kashi ke taruwa kafin ya fita, a jikin babba yana jingine ne da ƙashin baya na ƙasa wanda ya lanƙwasa kamar tafin hannu. Idan babba ya yi yunƙuri, wannan lanƙwasa ce ke tare ƙarfin. A jikin ƙaramin yaro ƙashin bai gama lanƙwasawa ba, hanjin yana tsaye sak kamar bututu, bakinsa na kallon ƙasa. Tsokokin da ke riƙe da shi ba su yi ƙwari ba, fatar cikin hanjin kuma ba ta gama mannewa da bangonsa ba. In yunƙuri ya yi yawa sai ta juyo waje, kamar yadda safa ke juyewa in an cire ta da gaggawa. Shi ya sa aka fi ganin abin tsakanin shekara 1 zuwa 4, shi ya sa kuma mafi yawan yaran nan suke warkewa ba tare da tiyata ba yayin da jikinsu ke ƙara ginuwa. Amma da sharaɗi: sai an kawar da abin da ke sa yaron yunƙurin.

Kafin mu kai can, ki yi abu ɗaya. Ranar da ya sake fitowa, ki ɗauki hotonsa da waya kafin ki mayar. Mu likitoci kusan kullum sai abin ya koma ake kawo mana yaron, mu duba mu ga dubura lafiya lau, uwa kuma ta yi ta rantsuwa. Hoton nan ya fi dogon bayani amfani. Da shi za mu gane ko fatar ciki ce kawai ta zamo, wadda takan fito gajeriya da layuka masu fita daga tsakiya, ko kuwa bangon hanjin ne gaba ɗaya, wanda ya fi tsawo kuma yake da zobe-zobe a jere. Da shi kuma za mu ware wani abu da ke rikita iyaye: ƙaramin tsiro mai sanda da kan fito a cikin hanjin yara, ya leƙo a mulmule, ja wur, yana zubar da jini ba tare da zafi ba. Shi wannan cire shi ake yi a asibiti, ba wani babban aiki ba ne, amma hanyarsa daban.

Yanzu yadda za ki mayar da shi, tunda ke ce a wurin ba ni ba. Kada ki jira. Duk daɗewar da ya yi a waje ƙara kumbura yake, yana ƙara wuyar komawa. Ki wanke hannu da sabulu, ki sa safar hannu in akwai, in babu ki tabbata farcenki a yanke yake. Ki kifar da yaron a kan cinyarki, ko ki kwantar da shi ta gefe ki naɗe masa gwiwoyi zuwa ƙirji. Ki ɗauraye wurin da ruwa mai ɗan ɗumi, ki shafa Vaseline sosai a naman da yatsunki. Ki dubi tsakiyar naman, za ki ga 'yar ƙofa. Daga nan ake farawa, domin ɓangaren da ya fito a ƙarshe shi ke fara komawa. Ki danna a hankali ki riƙe, kada ki riƙa dungura shi kina saki. Yaron zai yi kuka, kukan kuma turo shi yake yi, don haka ki dakata ya ja numfashi, a daidai lokacin ne za ki ji naman ya sulale ciki. Ki haɗa mazaunansa ki riƙe na 'yan mintoci, ki bar shi a kwance ya huta.

In ya kumbura ya ƙi shiga, akwai dabarar da mu ma muke yi a asibiti, iyaye kuma sukan ɗauka wasa muke. Sukari. Ki barbaɗa sukari na gari a kan naman har ya rufe shi, ki jira minti 15 zuwa 30. Sukarin yana tsotse ruwan kumburin, za ki ga ya jiƙe ya narke, naman ya saki. Sai ki sake gwadawa. Sukari na ce, ban ce gishiri ba. Gishiri zafi zai yi masa ya ƙona fatar. Kada kuma a shafa masa wani mai mai yaji ko wani haɗi da ba a san abin da ke ciki ba, fatar cikin hanji ba irin ta waje ba ce, ba ta jure wannan.

Akwai lokacin da ba a zama gwaji a gida. In kin gwada da sukarin ya ƙi komawa, ko launinsa ya tashi daga ja ya koma shuɗi-shuɗi ko baƙi, ko jini na zuba fiye da ɗan ɗis-ɗis, ki rufe shi da ƙyalle mai tsabta mai laima ki kai shi asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne. Haka in yaron ya galabaita, yana murɗawar ciki mai zuwa tana tafiya har yana naɗe ƙafafu, yana amai musamman kore, cikinsa ya kumbura, ko kashinsa ya koma jini da majina zalla. Wannan na iya zama hanji ne ya shige cikin hanji tun daga sama har ya leƙo waje. A ido ya yi kama da fitar baya, amma shi na gaggawa ne. Yaro mai fitar baya kawai, da an mayar masa zai tashi ya koma wasansa. Wanda bai koma wasa ba, a duba shi.

To, mu koma kan ɗanki, domin a wasiƙarki na ga abin da na fi zargi. Kin ce yana ɓuya a lungu yana sandare ƙafafu. Iyaye da yawa suna ɗauka yaron ƙoƙarin yin kashi yake yi ya kasa. A gaskiya riƙe shi yake yi. Wata rana can baya ya yi kashi mai tauri ya ji zafi, wataƙila har bakin duburar ya ɗan tsage. Ɗan shekara biyu bai san dalili ba, abin da ya sani shi ne kashi na da zafi, saboda haka ba zai yi ba. Sai ya matse. Hanji kuwa aikinsa tsotse ruwa, duk kwanan da kashi ya ƙara a ciki ƙara bushewa yake yana ƙara girma. Ranar da ya gagara riƙuwa sai ya fito da zafin da ya fi na farko, da yunƙurin da ke turo hanjin waje. Tsoron ya ƙaru, riƙon ya ƙaru. Haka abin zai yi ta zagayawa.

Ruwa-ruwan da kike gani a wandonsa ma daga nan yake. Ki ɗauka dutse ne ya toshe magudana, ruwa sai ya riƙa tsiyaya ta gefe. Dunƙulen kashi ya tsaya a ƙarshen hanji, sabon kashi mai ruwa yana zagaye shi yana fitowa, yaron bai ma sani ba. Na taɓa ganin wata yarinya 'yar shekara uku da aka kawo mini a kan gudawar da ta ƙi jin magani wata da watanni. An ba ta maganin tsayar da gudawa kala-kala. Da na ɗora hannu a mararta ta hagu sai na ji dunƙule-dunƙule a jere kamar tsakuwa a cikin safa. Uwar ta yi mini kallon wanda ya zautu lokacin da na rubuta maganin sakin ciki ga yarinyar da ta ce tana zawo. Bayan kwana huɗu ta dawo tana ba ni labarin abin da ya fita, ta ce ba ta san cikin yaro zai ɗauki wannan ba. Don haka ina roƙonki, kada ki ba ɗanki maganin tsayar da gudawa. Irin su lofaramaid ba na ƙananan yara ba ne tun asali, ga ɗanki kuma ƙara toshe shi za su yi.

Maganin wannan mataki biyu ne. Na farko a kwashe abin da ya taru, na biyu a riƙe kashin da laushi har yaron ya manta yana da zafi. Abin da aka fi amfani da shi shi ne makrogol, wani gari da ake damawa a ruwa, ana sayar da shi da sunaye irin su Movicol. In ba a samu ba, laktulos. Dukansu ruwa suke riƙewa a cikin kashi. Yawan da za a ba shi ya danganta da nauyinsa, wannan aikin likitan da ya gan shi ne, ba zan yanka miki ta rubutu ba. Abin da zan faɗa miki shi ne inda ake faɗuwa. Uwa ta ba da magani kwana goma, ta ga kashi ya yi laushi, sai ta daina don tsoron kada cikin yaro ya saba. Bayan mako biyu a dawo gidan jiya. Hanjin da ya daɗe a buɗe da kashi ya saki kamar tsohuwar roba, yana buƙatar lokaci kafin ya dawo da ƙarfinsa da jinsa. Aƙalla wata 2 ake yi ana sha, sau da yawa fiye da haka, kuma ba a fara ragewa sai yaron ya yi wata guda cur ba matsala, sannan a janye a hankali. Waɗannan magunguna ba sa kashe hanji. Barin yaro da taurin kashi shi ke wahalar da shi. Ki kuma guji tura masa sabulu ko ɗura masa ruwan magani ta dubura a gida, wasu daga cikin irin waɗannan ruwan suna da haɗari ga ƙananan yara.

Abinci yana taimakawa amma shi kaɗai ba ya kwance abin da ya riga ya ƙulle. Ruwa isasshe, 'ya'yan itatuwa, ganyayyaki, hatsin da ba a cire masa dusa duka ba. Ki lura da madara: yaron da ke shan fiye da rabin lita a rana yakan ƙoshi ya ƙi sauran abinci, cikinsa ya bushe.

Zaman fo kuwa na fi son in tsaya a kansa, domin a nan ake ɓata aikin da magani ya gyara. An saba a ɗora yaro a bar shi, uwa ta tafi aikinta, ya yi rabin awa yana zaune yana nishi. Ga mai fitar baya wannan kamar a ce masa turo ne. Minti 5 ya isa. Ya yi, madalla. Bai yi ba, a ɗaga shi ba faɗa. Lokacin da ya fi dacewa shi ne minti 15 zuwa 30 bayan ya ci abinci, domin in ciki ya cika hanji yakan motsa da kansa. In masai na zama ne irin na manya, kada a bar ƙafafunsa na reto, mazaunansa sun lume cikin rami. A sa masa ƙaramin mazauni na yara da abin taka ƙafa. In kuma kin lura duk lokacin da ya yi doguwar tsuguno ne abin ke fitowa, ki canza masa zama na ɗan lokaci, ko ki bar shi ya yi a famfas. Da ni ce ke, ko da ni ne uban yaron, da na ajiye koyar da shi fo gaba ɗaya na wata ɗaya ko biyu. Ba a makara. Duka da tsawa a kan ɓata wando kuwa riƙon suke ƙarawa, tunda shi bai san ma ya ɓata ba.

Duk da na karkata ga taurin kashi, ba zan sallami yaro mai fitar baya ba ba tare da an duba kashinsa a ɗakin gwaji ba. Gudawa mai daɗewa da atini suna jawo fitar baya kamar yadda tauri ke jawowa, domin yaron yana jin kashi kullum yana yunƙuri ba abin da ke fita sai majina da jini. Akwai kuma wata tsutsar ciki siririya, tsawonta santimita 3 zuwa 5, gabanta siriri kamar bulala, wadda ke kafa kanta a bangon babban hanji. Ƙwanta na shiga ta ƙasa da ta gurɓata da kashi, yara kuwa komai baki. In ta yi yawa tana kawo atini, ƙarancin jini da fitar baya, har akan ga tsutsotsin manne a jikin naman da ya fito kamar fararen zare. Wani abin lura game da ita: ƙwaya ɗaya ta albendazol da ake bai wa yara lokaci-lokaci, miligiram 200 ga ɗan wata 12 zuwa 23 da 400 ga wanda ya cika shekara biyu, tana maganin macijin ciki sosai amma ba ta cika gamawa da wannan ba. Ita sai an yi kwana 3 a jere, da albendazol ko mebendazol. Saboda haka cewa ai an ba shi maganin tsutsa ba ta rufe maganar ba. In gudawa ce ta gaskiya, ruwan gishiri da sukari na sacet da zink miligiram 20 a rana na kwana 10 zuwa 14 su ne ginshiƙi, maganin kashe ƙwayoyin cuta kuma sai in akwai jini ko gwaji ya nuna.

A auna shi kuma a duba katinsa. Yaro mai tamowa kitsen da ke tallafe da ƙarshen hanji ta gefe biyu ya narke, tsokarsa ta yi rauni, abin sai ya riƙa fita ko da ɗan nishi. Irin wannan yaro in bai yi ƙiba ba fitar ba za ta tsaya ba. Tari mai tsanani da ya daɗe, irin tarin shiƙa, shi ma yana turowa.

Akwai wasu cututtuka da ba su da yawa amma likita zai tambaye ki a kansu, kada tambayar ta firgita ki. Zai tambaya ko ya yi kashin farko, baƙin nan mai danƙo, cikin awa 48 da haihuwa, domin jinkirinsa tare da taurin ciki tun yana jariri na iya nuna cutar Hirschsprung, inda wani yanki na hanji ba shi da jijiyoyin da ke motsa shi. Zai duba bayansa da tafiyarsa saboda matsalar laka. Zai kuma tambayi tari mai yawan dawowa, rashin ƙiba duk da cin abinci, da kashi mai maiƙo da wari, saboda cutar gado da ake kira sistik faiburosis. Ta fi yawa ga masu asalin Turai amma ba su kaɗai take kamawa ba. Kafin a fara gwada jarirai tun daga haihuwa, kusan ɗaya cikin biyar na yaran da ke da ita sukan yi fitar baya, wani lokacin ita ce alamar farko. Gwajin gumi ake yi a gano ta, ba zafi.

Maganar tiyata ba ta tasowa sai an gyara kashi, an yi maganin tsutsa, yaro ya yi nauyi, an yi haƙuri na wata 6 zuwa shekara amma abin bai daina ba, ko yana yawan maƙalewa a waje, ko yaron ya haura shekara 4 yana yi. Ko a nan ma ba yankewa ake fara yi ba. Mataki na farko galibi allura ce da ake yi a bangon ƙarshen hanji bayan an sa yaro barci, ta sa wurin ya manne, akan koma gida a ranar, wani lokacin a maimaita. Akwai ɗinkin zobe a kewayen dubura, wanda likitan Jamus Karl Thiersch ya bayyana a 1891, da kuma aikin ɗaure hanjin a jikin ƙashin baya, wanda yanzu akan yi ta ƙananan huji a ciki. Likitan tiyatar yara ne ke zaɓa, kuma kaɗan ne daga cikin yaran ke kaiwa nan.

Ki kai shi a gan shi cikin makon nan, ba sai ya sake fitowa ba. Ki tafi da hoton, da katin awonsa, da duk kwalbar maganin da aka taɓa ba shi, har wanda ba likita ne ya rubuta ba. Daga yau ki riƙa rubutawa a 'yar takarda: ranar da ya yi kashi, tauri ko laushi, ya fito ko bai fito ba, da kansa ya koma ko sai da kika tura. Zai iya sake fitowa sau da dama bayan an fara magani, wannan ba ya nufin maganin bai yi ba. Abin da za ki duba a takardar shi ne tazarar da ke tsakani, daga kullum zuwa sau ɗaya a mako, daga nan zuwa sau ɗaya a wata. In wata uku suka wuce tazarar ba ta buɗe ba, ki koma wurin likitan da takardar a hannunki.